Ba Gaisuwa Ba Ce

Ina da shekara arba'in da ɗoriya madam ta kira ni ofishinta ta ce in je in yi tunani ko aikin nan ya dace da ni. Madam ita ce sabuwar shugabarmu a wata ƙungiya mai wayar da kan jama'a kan harkar lafiya, a wani gida a Maitama da aka mayar ofis. Ni ce mai fassara. Duk abin da likitoci suka rubuta da Turanci ta hannuna yake bi kafin ya zama Hausar da mai tallan lemo zai ji ya gane. Ina son aikin nan fiye da yadda ya kamata mutum ya so aikin albashi. Tun ina yarinya kalmomi nake tarawa, yadda 'yan uwana mata suke tara 'yan kunne, kuma sai a nan na sami inda aka yarda in zauna in yi ta juya kalma guda har ta zauna daidai.

Laifina a wurin madam yana da yawa, amma babban shi ne na Nyanya. Da ta zo, ta sa an cire katakon da ya raba teburanmu, ta tara mu a falo ɗaya, wai don mu zama 'yan uwa. Sannan ta kafa doka cewa kowa zai riƙa fita wayar da kai, har mai fassara. Aka kwashe mu zuwa tashar Nyanya da lasifika da janareta. Wanda ya san tashar nan ya san ba ta bukatar ƙarin lasifika. Kwandastoci na kiran Mararaba da Masaka, masu keke na danna hon, mai maganin basir yana nasa wa'azin, ga warin mai da na soyayyen kifi. Aka miƙo mini makirufo. Na san abin da zan faɗa, ni na rubuta shi da hannuna. Amma da lasifikar ta saki wannan ƙarar mai tsini, sai komai ya shigo mini kai lokaci ɗaya, bakina ya ƙi buɗuwa. Na ajiye makirufon a kan benci, na toshe kunnuwana, na bi ta tsakanin motoci na tafi. A bayan wani shagon cajin waya aka same ni a tsugune.

Madam a bariki ta koyi Hausa, kowa a wurinta "kai" ne.

"Kai, duba ni in ina magana," in ji ta. "Ba ka gaishe da mutane da kyau. Ba ka zuwa bikin kowa. Yanzu kuma ka kunyata mu a Nyanya. Kwantiragi naka yana kusa ƙarewa. Je ka yi tunani."

Na kalli ɗan kunnenta, don ita ce dabarar da na koya a Abuja: in ka kalli kunnen mutum sai ya zaci idonsa kake kallo. Na ce to, madam.

Maganar gaisuwa ce ta fi ƙona mini rai. Ni da na haddace gaisuwa kamar karatun allo? Tun daga gidanmu a Kurudu, cikin mota, nake bitarta. Wa aka yi wa haihuwa, wa ke jinyar uwa, wa ya dawo daga tafiya. Ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya mai jiki. Abin da ban lura da shi ba, ina kai ƙarshen abin da na haddace sai in juya in tafi, ko da mutum bakinsa na buɗe zai ba ni labari. Miskila suke kirana a ofis, kuma ba su suka fara ba. Ina komawa gida in shige ɗaki, in saki labule, in kwanta kamar wadda aka yi wa duka. Maigidana malamin makaranta ne mai haƙuri, sai ya ja yaran tsakar gida har in dawo daidai. Shi a ganinsa cunkoson hanyar Nyanya ne. Ni kuwa na ɗauka kowa haka yake ji, ni ce dai raguwa.

Ana cikin haka wata likitar ƙwaƙwalwa da ke aiki da mu ta kawo mini takarda in fassara. Matashiya ce 'yar Gbagyi, mai saurin dariya, Hausarta irin ta Abuja. Ta ce tambayoyi ne da babban mutum zai amsa da kansa a kan kansa, don a ga ko yana da alamun otizim, musamman waɗanda ba a gano su suna yara ba. Na ce ai a rediyo galahanga suke cewa. Ta yamutsa fuska, ni ma na yamutsa. Kalmar nan a kunnen mutanenmu yaro take kawowa, wanda ba ya magana, wanda ake turawa ƙuryar ɗaki in an yi baƙi. Ta ce akwai masu bukatar kulawa sosai, gaskiya ne, amma akwai kuma wanda yake tuƙa mota, ya yi aure, yana zuwa aiki, ba wanda ya sani har shi kansa. Muka bar kalmar a otizim.

Tambayoyin ba su da wuya a baki. Ko hayaniya tana damunka fiye da yadda take damun sauran mutane. Ko kana gane mutum ya gaji da hirarka ba sai ya faɗa ba. Ko canza tsari ba zato yana dagula maka lissafi. Ko kallon idon mutum yana yi maka nauyi. A gaban kowace sai ka zaɓa, daga "haka ne sosai" zuwa "sam ba haka ba ne". Wasu sun ɗan taɓa ni ina cikin aikin, na kawar da kai, na ce ni fassara aka sa ni. Na goge Hausar nan har tana sheƙi, kuma na ji daɗin kaina.

A ka'idar aikinmu ba a miƙa fassara sai an gwada ta a kan mutane. Na karanta wa maigadinmu, dattijo ne da ya zo daga can arewa. Na karanta wa mai shayin bakin titi da mai gyaran fulawa, na raba wa wasu a ofis, ni ma na cike tawa a teburina mutane na wucewa ta bayana.

"Baba, hayaniya tana damunka?"

"Alhamdulillahi, Hajiya."

"A'a, tambayar ita ce, tana damunka ko ba ta damunka?"

"Sai godiya."

Haka muka yi da shi har ƙarshe. Mai shayi ya ce su da suka zo ci-rani ina su ina damuwa da hayaniya. Da na tattara takardun na kai wa likita, duk Maitama babu mai matsalar komai. Kowa yana son taro, kowa yana karanta fuskar kowa, kowa kunnensa lafiya lau.

Ta duba ta duba, sai ta kwashe da dariya har tana dafa tebur.

"Anti, wannan mutane gaisuwa suka yi. Bahaushe yana kan gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu, ka ce yaya jiki, zai ce da sauƙi. Takardan nan shi ba gaisuwa ba ne."

"Ita," na ce. "Takarda mace ce. Ba gaisuwa ba ce."

Ta kalle ni, dariyar ta ɗan lafa. Ta zaro guda ɗaya daga cikin tarin. Ba a sa suna a takardun ba, amma duk ofishin ni kaɗai ke rubutu da koren biro.

"Wannan mai koren biro," ta ce a hankali, "ya ce hayaniya ba ya damunshi sam."

Tana nan ranar Nyanya, ita ce ma ta kawo mini ruwa a bayan shagon. Ta miƙo mini wata da ba a cike ba ta ce in tafi da ita gida.

Na yi fushi, fushi na gaske. Ni za a ce na yi ƙarya? Ni da matsalata a duniya ita ce ban iya ta ba, mace ta tambaye ni ko ɗinkinta ya yi kyau in ce mata hannun ya karkace? Har na kai Kurudu ina tafasa. Amma ko a cikin fushin na san ta faɗi gaskiya, kuma na san ban ɗauki abin da na yi a matsayin ƙarya ba. Tun ina ƙarama aka koya mini cewa in an tambaye ka kanka amsa ɗaya ce, kuma wanda ya ba da wata amsar ko mai ƙorafi ne ko mai butulci. Ni kuwa in aka ba ni doka ina riƙe ta fiye da wanda ya kafa ta.

Ranar Asabar da hantsi maigidana ya kai yara Islamiyya. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar fartanyar wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ke nome masararta a bayan katanga. Na zauna da niyyar gyara aikina, don a matsayina na mai fassara ni aka kayar. Tunda mutanenmu gaisuwa suke ji a cikin tambaya, dole a gaya musu tun daga sama. Na ɗauki biro na rubuta a kan takardar: "Wannan ba gaisuwa ba ce. Ba wanda zai ce ka cika ƙorafi, ba kuma butulci ba ne ga Allah. Faɗi yadda abin yake maka in kana kai kaɗai." Na karanta don in ji ko Hausar ta zauna. Ta zauna, kuma da ni take.

Na fara daga farko. Hayaniya, haka ne sosai, wannan ko gardama babu. Canza tsari, na tuna ranar da aka cire katakon teburina, na wuni ina karanta layi ɗaya ban fahimce shi ba. A kan tambayar ido na fi daɗewa. Ina iya kallon ido, Abuja ta koya mini dole. Amma ba a tambaye ni ko ina iyawa ba, an tambaye ni ko yana yi mini nauyi. Kallon idon mutum a wurina kamar tsoma hannu ne a ruwan zafi, ana iya yi, amma hankalinka duk yana kan yaushe za ka cire. Kuma muddin ina kallon idonka ba na jin abin da kake faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, don ban san abin faɗa ba ne. Na zaci kowa haka yake fama, yana dai daurewa.

Da na gama na haɗa makin yadda likita ta nuna mini. Ya haye layin da aka shata, ya wuce da nisa.

Na zaci tsoro zan ji. Wallahi murna na ji, irin wadda ban taɓa ji ba. Na yi dariya ni kaɗai a falo har tsohuwar nan ta dakata da noma ta ce lafiya. Ashe abin yana da suna. Ashe akwai mutane a duniya da suka zauna suka rubuta tambaya a kan abin da nake ɓoyewa a ɗaki bayan na saki labule, wanda ke nufin ba ni kaɗai ba ce, muna da yawa har an san da zamanmu. Can kuma haushi ya taso mini na shekarun da na yi ina zagin kaina da ragwanci. Na bar shi ya yi abinsa ya wuce, na tashi na dafa shayi na sha a tsaye.

Likita ta taka mini birki ranar Litinin. Ta ce takardar nan tantancewa ce kawai, ba ta yanke hukunci, don damuwa da wasu abubuwan suna iya sa maki ya hau. Ta haɗa ni da wani babban likita a wani asibiti cikin gari. Shi kuma bayan ya yi mini nasa tambayoyin ya ce yana bukatar wanda ya san ƙuruciyata. Na kira Inna, mahaifiyata, a Zariya, na buɗe muryar wayar yadda shi ma zai ji, na ce likita ne yake son ya ji yadda nake ina yarinya.

"Wannan? Ai ba ta taɓa ba ni wahala ba," in ji Inna, muryarta cike da alfahari. "Likita, kunya gare ta tun tana goye. Ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli babba ba, har maƙwabta suna cewa 'ya'yansu su yi koyi da ita. In ana biki ba ka ganinta cikin 'yan rawa, sai dai ka same ta a bayan rumbu tana jera marafan kwalba. Sabuwar atamfa kuwa ba ta sawa sai an wanke an wanke ta yi laushi, ba ruwanta da kwalliya. Natsuwa ce, likita, Allah ne ya ba ta."

Likita sai rubutu yake yi, hannunsa har yana sauri. Ni kuwa na toshe baki da mayafi don kada Inna ta ji dariyata. Duk abin da yake nema ta zazzage masa, tana yabon tarbiyyarta. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, kuma har gobe ba zan gani ba. A gidanmu yarinyar da ba ta kallon ido, ba ta son taro, ba ta da surutu, ita ce 'yar kirki, wa zai kai 'yar kirki asibiti? Kunyar nan ta rufa mini asiri duk ƙuruciyata. Da na girma aka sake mata suna ta koma miskilanci, da na zo Abuja ta zama raini. Ni dai ban canza komai ba.

Bayan na yi ta zuwa ana zama da ni, babban likitan ya tabbatar. A ofis kuma likitarmu ta sa layukan nan nawa a saman fassarar aka sake gwadawa, mutane suka fara buɗe baki. Da na karanta wa maigadi, sai ya ce tunda ba gaisuwa ba ce, janaretan nan da aka ajiye kusa da ɗakinsa ya ishe shi.

Saura madam, kuma kwantiragi ya zo gab. Maigidana ya ce in yi tunani kafin in gaya mata, don mutane in sun ji likitan ƙwaƙwalwa taɓin hankali suke ji, kada in ba ta hujja da hannuna. Gaskiyarsa ce, kuma na ji tsoro. Amma in na yi shiru Nyanya zan koma da makirufo, kuma na san yadda za ta ƙare.

Na shiga ofishinta na zauna ba tare da an ce in zauna ba.

"Madam, na yi tunanin. Zan riƙa kallon taga ina magana, haka na fi jin ki."

Ta ɗaga gira, amma ba ta hana ni ba. Na gaya mata ina da otizim, likita ya tabbatar. Na ce ba ciwo ba ne da zan sha magani in warke, haka aka halicce ni, kuma shi ya faru a Nyanya. Na ce aikin ya dace da ni, ta duba fassarata ta nuna mini inda na taɓa gazawa. Falon nan ne da tasha ba su dace da ni ba. Na roƙi ta ba ni ƙaramin siton da ake tara kwalaye, a riƙa rubuto mini abin da ake so, in za a canza wani abu a gaya mini kafin ranar. Masu fita tasha kuma ni zan zauna da su in gyara musu Hausarsu kafin su fita, don na ji abin da suke faɗa a lasifika, Allah dai ya kyauta.

"Kai?" in ji ta. "Amma kana magana. Ka yi aure, kana da digiri."

"Duk da haka, madam."

Ta gyara zama.

"To me ya sa ba ka faɗa ba tun tuni?"

"Ban sani ba, madam. Ni ma bana na ji."

Ta jingina da kujera tana kallona, ni ina kallon taga.

"Siton nan ba shi da esi fa. Zafi zai kashe ka."

"Kukan esin nan yana cikin abin da ke kashe ni."

Sai ta yi dariya, karo na farko da na ji dariyarta. Ta ce za mu gwada mu gani. A cikin makon ta sa hannu a kwantiragina.

Ni na share siton da kaina, ban yarda kowa ya taya ni ba. Na tura kwalayen gefe ɗaya, na juya teburina ya fuskanci taga, inda reshen wani mangwaro yake leƙowa daga gidan maƙwabta. Na rufe ƙofa. Na tsaya a tsakiyar ɗakin ina jin shirun yana sauka a jikina, hawaye suka zubo mini na daɗi, ban share ba. Na ci nasara, kuma da bakina na ci ta, bakin da ya ƙi buɗuwa a tasha. Na zauna na buɗe kwamfuta, kafin azahar na gama aikin da a falo yake cin mini wuni.

Da la'asar na ji an taɓa ƙofar a hankali. Duk ofishin nan an san madam ba ta ƙwanƙwasa ƙofa, turawa take yi ta shigo da maganarta a baki. Na kasa kunne. Aka sake ƙwanƙwasawa.

"Ni ne," in ji ta daga waje. "Zan iya shigowa?"

Na ce ta ɗan jira in kai ƙarshen layi, kuma ta jira.